Bijiman Matan Farcha

Ranar da Hansatu ta kai wa Ummaru dillali kuɗin mata, ba ta ƙirga su a gabansa ba, ba ta kuma tafi da kowa ba. Ta ɗaure su a tsohon ɗankwali, ta durƙusa daga bakin zaure, ta tura ƙunshin kusa da tabarmarsa kanta a sunkuye. Shi kuma ya ɗaga gefen tabarma ya cusa ƙunshin bai ko kwance ba, suka ci gaba da gaisuwa. Jaka ɗari biyu da tamanin na sefa ke nan suka sauya hannu tsakanin “ina gajiya” da “yaya yara”.

Kada ku ɗauka Hansatu sakarya ce. Mace ce da ta shekara ashirin tana sayar da dafaffen kayan ciki a bakin mayankar Farcha, wadda mutanen Njamena ke ce wa batwar, kuma ba a taɓa cin ta dala ɗaya a canji ba. Ita ce uwar adashin mata goma sha ɗaya masu sana'a irin tata. To amma Ummaru aminin marigayi mijinta ne, shi ya sa shi a kabari, shi ya yi wa 'yarta walicci. Mutum irin wannan, a wurinmu, ba a ƙirga masa kuɗi ido da ido, ba a kuma je masa da shaidu, don sai a ce ba a yarda da shi ba. Kunyar nan tamu tana da kyau ranar biki, amma ta sha ci mana dukiya.

Shawarar ma ta Hansatu ce. Ta ce wa matan maimakon kowa ta kwashi adashi ta sayi kwanuka ta jera a ɗaki, gara su haɗa zubin shekara biyu su sayi bijimai ramammu bayan damina, su turke su, su sayar idan sun yi ƙiba. Banki kuwa ba wadda ta ko kawo zancensa, don can sai da takarda da Faransanci, su kuma ba su da ko ɗaya. Ummaru ya sayo bijimai bakwai ya ɗaure su a bayan zangonsa. Ƙa'idar kasuwa ita ce duk bijimin da ya shiga zango sai da lambar wani sananne a cinyarsa, don kada a ce na sata ne. Mata ba su da lamba, ba a taɓa jin mace da ita ba. Sai Ummaru ya gasa ƙarfensa ya buga musu tasa, zane uku kamar sawun kaza, irin wadda ke jikin nasa shanun.

Wata biyar matan suna ciyar da bijiman. Kullum da la'asar, idan an tashi daga kasuwa, biyu daga cikinsu za su ɗauki dusar da aka tara daga gidajensu, su jiƙa ta da ruwan kanwa a babban daro, su kai bayan zango. Hansatu takan ƙwanƙwasa gefen daron da ludayi sau uku, bijiman su ɗago kai suna jan igiya. Tozo ya miƙe, gashi ya kwanta luf, har mahauta suka fara leƙowa suna taya farashi.

Saura kwana goma a kai su kasuwa faɗa ya ɓarke a cikin gari, a watan uku na shekarar alif ɗari tara da tamanin. Ba shi ne na farko ba, don haka mutane suka ce kwana biyu ne zai lafa. Bai lafa ba. Hansatu ta kwashi jikokinta biyu da tukunya ɗaya ta shiga kwalekwale, ta haye kogi zuwa Kusiri ta ƙasar Kamaru tare da rabin unguwa. A can ta ji cewa wani abu ya faɗo a hanyar mayanka kwana uku da fara faɗan, kuma Ummaru na cikin waɗanda aka binne a wurin. Ta yi kuka sosai, kukan mutumin kirki. Sai bayan ta share hawaye ta tuna cewa duk duniya su biyu ne suka san da ƙunshin nan, ɗayan kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Wata tara suka yi a sansanin gudun hijira, kuma a cikin wata taran nan ba ranar da Maryamu ba ta zo ba. Maryamu ita ce mai zubi mafi tsoka a adashin, doguwar mace mai baki, wadda ta sayar da 'yan kunnenta na aure ta ƙara a ciki. Takan tsaya a bakin bukkar Hansatu ta gaishe ta lafiya lau, sannan ta ce, “To uwar adashi, gurus ɗinmu fa, kuɗin zubinmu?”

“Suna jikin shanu, Maryamu.”

“Shanun suna ina?”

“Allah ne ya sani.”

“Allah kam ya sani. Wa ya gani lokacin da kika ba shi?”

Nan Hansatu takan juya ta ci gaba da hura wuta. Maryamu ba ta taɓa ce mata ɓarauniya ba, amma takan dubi tukunyar da ke kan murhu ta ga ko da nama a ciki. Wannan kallon ya fi zagi ciwo. Har ta kai Hansatu ta daina sayen ko ƙashi, jikokinta suna cin tuwo da miya tsura, don kada a ce. Wani lokaci kuma, Allah ya yafe mata, takan zargi mamacin a zuci. Me ya sa ya buga lambarsa bai ce mata ta kira kowa ba? Ko da ma niyyarsa ke nan?

Da faɗa ya tsaya a ƙarshen shekara, mutane suka fara komawa. Hansatu ta tarar an ɓalle ƙyauren ɗakinta, bayan zangon Ummaru kuwa sai turaku bakwai a tsaye. Amma a mako na biyu labari ya iso mayanka cewa garken Ummaru bai halaka duka ba. Jidda, Bafulatanin da ke yi masa kiwo, ya kora su ya haye ruwa da su zuwa Tukura, can kudu da gari, ya ɓoye su a bakin gonaki. Ashirin da uku suka saura.

Murnarta ba ta kai azahar ba, don Alhaji Yunusu ya riga ta. Shi falke ne mai kawo shanu daga arewa, yana zaune a unguwar Ridina. Kafin faɗa ya ba mahauta shanu bashi, Ummaru ya tsaya musu lamuni, wato idan ba su biya ba shi zai biya. Mahautan nan wasu sun mutu, wasu ba a san inda suka nufa ba. Alhaji Yunusu ya kai magana wurin Sarkin Fawa cewa duk dabbar da ke ɗauke da sawun kaza tasa ce, kuma ko an ba shi duka ba su kai abin da yake bi ba. Ba ƙarya ya yi ba, shi ma yaƙin ya kwashe shi tas.

A lokacin ba kotu, ba ofishi, bankunan ma da ake taƙama da su a garƙame suke, masu ajiya suna zagaya ƙofa da takardunsu a hannu. Abin da ya saura na hukuma a wurin masu sana'ar nama shi ne Sarkin Fawa Lukumanu, tsoho mai rabin haƙora, wanda ba ya yanke hukunci a kan dabbar da bai gani ba. Ya ce kowa ya same shi a Tukura ranar Laraba da hantsi.

Matan suka tafi su goma sha ɗaya a bayan wata tsohuwar mota. Da suka isa aka shimfiɗa wa Sarki tabarma a gindin tsamiya, maza suka zauna gaba, mata daga baya, shanun kuma suna can nesa a fili. Hansatu ta hango su. Duk sun rame, duk farare ne masu dogon ƙaho, duk da lamba iri ɗaya. Ita da ta yi wata biyar tana ba su dusa, ba za ta iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba.

Alhaji Yunusu ya faɗi tasa, ya kawo shaidu biyu. Sannan Sarki ya juyo.

“Hansatu uwar adashi, kin ce kuna da bakwai a ciki.”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“Wa ke wurin da kika ba Ummaru kuɗin?”

“Ba kowa.”

“Kin ƙirga a gabansa? An rubuta?”

Ta ji idanun matan a bayan wuyanta. Za ta iya cewa ta manta, ko ta ce ai kowa ya sani.

“Ranka ya daɗe, ban ƙirga ba, ban rubuta ba, ban kira kowa ba. Kunyarsa na ji. Dukiyar mutane ce a hannuna, na tafi da ita kamar tawa ce zan yi kyauta. Laifin nan nawa ne, ba na matan nan ba.”

Alhaji Yunusu ya gyara zama ya ce, ba da izgili ba, “Baiwar Allah, ni ban ce ƙarya kike ba. Amma lamba ita ce magana a kasuwar shanu. Idan yau aka bar lamba aka bi baki, gobe kowa zai zo ya ce yana da sa a garken mamaci.”

Sarki ya gyaɗa kai, don maganar tana kan hanya. Hansatu ta ga shi ke nan, an gama. Sai idonta ya kai kan Jidda, yana tsaye can gefe da sanda a kafaɗa. Tun da aka zauna ba wanda ya tambaye shi komai, shi kuma irin mutanen nan ne da ba sa tsoma baki a dukiyar wani sai an ce su yi.

“Ranka ya daɗe, a tambayi makiyayi.”

“Yaron Ummaru ne, kuma mutum ɗaya ne,” in ji Alhaji Yunusu. “Shaidarsa ba ta isa ba.”

“A ji dai,” in ji Sarki. “Jidda, akwai na mata a ciki?”

Jidda ya matso ya tsuguna. “Akwai, Sarki. Bakwai ne. Masu bindiga sun karɓi uku a mashigi, huɗu suna nan. Amma tunda an ce bakina bai isa ba, kada a ji nawa. A ba Dada daro da ludayi.”

Dada yake ce wa Hansatu, wato uwa. Mutane suka dubi juna. Jidda ya ce shanun Ummaru na daji ne, daga arewa aka koro su, ciyawa kawai suka sani, idan suka ji ƙarar ƙarfe guduwa suke. Na turke kuwa dabam ne.

Aka aro daro a wani gida kusa. Ba ko dusa a ciki. Hansatu ta ɗauka ta fita fili, tana tunanin wata tara ba kwana tara ba ne, mutum ma ya manta balle dabba. Ta tsaya nesa da garken, ta ƙwanƙwasa gefen daron sau uku. Shanun da ke kusa suka zabura suka ja baya. Ba wanda ya taho. Ta ji wani a cikin maza ya yi gyaran murya. Ta sake ƙwanƙwasawa.

Daga can tsakiya wani ya ɗago kai. Ya tsaya yana kaɗa kunne, sannan ya ratso 'yan'uwansa ya taho da sassarfa, wani ya biyo shi, sai ga biyu tare. Suka kewaye ta suna ture juna, suna cusa hanci a daron da ba komai, ɗaya har yana lasar hannunta. Hansatu ta saki ludayin ta dafa tozonsa da ya zube, hawaye suna zuba, ba ta ko damu da mazan da ke kallo ba.

Alhaji Yunusu bai saki nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce wannan ya nuna sun ci dusa, bai nuna na wane ne ba.

Sarki ya dubi mahautan da suka rako shi. “Ku da kuke kwana kuna tashi a batwar, wa ya taɓa ganin Ummaru ya sayi dusa?”

Suka yi dariya, don an san marigayi da cewa turke aikin mata ne.

“Wa kuke gani da daro kullum la'asar?”

“Matan nan, ranka ya daɗe,” in ji wani, sauran suka amsa.

“To Alhaji, ka taɓa ganin matan da ke sayar da hanji dala-dala sun yi wata biyar suna ciyar da san wani saboda Allah? Kalas, magana ta ƙare. Huɗun nan nasu ne. Sha taran naka ne, Allah ya mayar maka da sauran.”

Alhaji Yunusu ya ce ya yarda, bai taɓa son cin na marayu da zawarawa ba. Amma Sarki bai tashi ba. Ya ce yau daro ya cece su, gobe ba lalle a sami daro ba, kuma shi ba zai sake zuwa Tukura da tsufansa saboda kunyar wani ba. Daga ranar, duk dillalin da ya karɓi kuɗin mutane don ya juya musu, sai an ƙirga da ƙarfi a gaban mutum biyu waɗanda ba danginsa ba. Dabbar da aka saya da kuɗin wani ba za ta ɗauki lambar dillali ba, kuma bashin dillali ba zai hau kanta ba. Wanda ba shi da lamba ya zo a yi masa, ko mace ce. Dillalin da ya ƙi, ba mahaucin da zai sake sayen ko akuya a hannunsa.

Wani dattijo ya ce ai wannan zubar da mutunci ne, a ce sai an ƙirga wa mutum kuɗi kamar baƙo.

“Idan kowa aka yi wa, ba wanda aka zubar wa,” in ji Sarki. “Da ni za a fara.”

Da taro ya watse, Jidda ya kawo igiyoyi yana ɗaure bijiman. Hansatu ta yi masa godiya, ta tambaye shi yadda ya yi ya fito da su daga bayan zango a cikin wannan ruwan wuta.

“Ba ni na fito da su ba, Dada. Ni ina bakin kogi da garke, na ce mu tafi. Shi Ummaru ya ce a'a, na mata suna ɗaure a turke, ba za su iya gudu ba. Ya koma ya kwanto su ya kawo mini da kansa. Ya ce in sa su gaba, nasa su biyo baya. Zai koma ɗauko iyalinsa ke nan abin ya same shi.”

Hansatu ta zauna a ƙasa inda take. Wata tara tana zargin mutumin nan a zuci, ashe a hanyar amanarta ya mutu. Kunyar da ta ji a lokacin ta fi wadda ta ji a zaurensa nesa ba kusa ba. Ta yi masa addu'a a fili, ta nemi gafararsa da sunansa.

Matan suka taru a kanta. Ta share fuska ta ce musu huɗu ne suka saura cikin bakwai, kuma a rame. A sayar yanzu a raba, ita ta yafe nata kason don a rage asara, sannan su nemi wata uwar adashi, don ita ta nuna ba ta iya ba.

Duk suka dubi Maryamu, don an san ita ce mai magana.

“Wa zai sayar da sa a wannan rama?” in ji Maryamu. “Ƙashi za mu raba? A mayar da su turke wata huɗu.” Ta murza kunnenta da ba ɗan kunne. “Kasonki kuma ki riƙe abinki. Mu ma da muke kawo miki zubi, wace ce ta taɓa cewa ki ƙirga a gabanta? Kunyar ba ke kaɗai ta ci ba. Ni dai daga yau duk inda za ki da kuɗinmu ƙafata ƙafarki, ko ranki ya so ko bai so ba.”

“Ya so,” in ji Hansatu.

Washegari Hansatu da Maryamu suka je wurin maƙeri, da izinin Sarki. Maƙerin ya tambaye su wane zane suke so, suka yi ta gardama a bakin maƙera, Maryamu na son jinjirin wata, Hansatu na cewa wata ya yi yawa a kasuwa, har suka daidaita a kan zobe da ɗigo a tsakiya. Da aka gasa ƙarfen a bayan zango, mahaucin da zai buga ya ce bari ya ɗora a kan tsohuwar lambar ya shafe ta. Hansatu ta riƙe hannunsa ta ce a'a, ya buga a gefe, a bar ta Ummaru yadda take.

Da yamma Maryamu ta aiko 'yarta gidan Hansatu da ƙullin nama, tsoka zalla, ta ce a gaya mata a sa wa yaran nan a miya, sun daɗe ba su ci ba.